Maruru Mai Yawan Dawowa: Dalilansa da Hanyoyin Rigakafi

Maruru ciwo ne da kowa ya sani, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba. Yawanci yakan fito, ya nuna, ya fashe, ya warke cikin mako ɗaya zuwa uku. Amma akwai mutanen da ba ya barin su su huta: wannan na warkewa, wancan na fitowa. Manomin da maruru ya fito wa a hammata ba ya iya riƙe hauya. Macen da ya fito mata a hannu ba ta iya daka. Yaron da ya fito masa a ɗuwawu ba ya iya zama a aji. Ga asarar ranakun aiki, ga kuɗin magani, wani lokaci ma ciwon yakan kai ga halaka.

Idan maruru ya fito wa mutum sau uku ko fiye a cikin shekara ɗaya, likitoci na kiran sa maruru mai dawowa. Irin wannan yana da tushe, kuma sai an gano tushen ake rabuwa da shi.

Mene ne maruru?

Maruru kumburi ne da ke tara mugunya a cikin fata. Yakan fara daga gindin gashi ko daga wani ɗan rauni. Da farko wurin yakan yi tauri, ya yi zafi, ya riƙa zogi. Bayan ƴan kwanaki sai ya yi laushi, ya yi baki, sannan ya fashe.

Mugunya ba dattin jini ba ce. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga fata, jiki yakan tura dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su yaƙe su. Gawarwakin waɗannan dakaru da na ƙwayoyin cutar da naman da ya mutu, su ne ke taruwa su zama mugunya.

Maruru ya fi fitowa inda gashi yake, da inda ake zufa, da inda tufafi ke goga: ƙeya, hammata, matsematsi, ɗuwawu, cinya da fuska. Wani lokaci maruru da yawa sukan haɗe su zama babban kumburi ɗaya mai bakuna da dama. Wannan ya fi fitowa a ƙeya ko a baya, kuma ya fi kama masu ciwon sukari.

Me ke kawo shi?

Yawancin maruru wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda ido ba ya gani. Sunanta istafilokokus. Wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Ogston ne ya gan ta a cikin mugunya a shekarar 1880.

Wannan ƙwaya ba daga nesa take zuwa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hancinsa ba tare da ya ji komai ba. Takan zauna kuma a hammata da matsematsi. Muddin fata tana da lafiya, ƙwayar ba ta samun hanya. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yankan reza, cizon sauro da aka sosa, sukar ƙaya, faso da ƙurajen zufa duk ƙofofi ne gare ta.

Wasu nau'o'in ƙwayar suna fitar da wani dafi mai kashe fararen ƙwayoyin jini. Su ne suka fi sa maruru mai girma da mai dawowa, kuma binciken likitoci ya nuna sun fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya fiye da Turai.

Me ya sa yake dawowa?

Dalilan sun kasu kashi huɗu.

1. Ƙwayar tana zaune a jikin mutum. Maruru ya warke, amma ƙwayar tana nan cikin hanci. Mutum ya sa yatsa a hanci, ya sosa cinya, sai ya shuka sabon maruru da hannunsa.

2. Ƙwayar tana yawo a cikin gida. Takan bi hannu, soso, tawul, zane, bargo, tabarma da aska. Tana iya yin kwanaki har makonni a jikin tufafi da shimfiɗa. Shi ya sa za a ga uwa ta warke, ɗa ya kamu, ɗa ya warke, uba ya kamu. Haka abin yake a duk inda jama'a ke kwana a cunkushe, kamar makarantun allo, makarantun kwana, barikin soja da gidan kaso. Ƴan kokowa ma suna cikin haɗari, saboda jiki na gugar jiki kuma fata na ƙujewa a fili.

3. Fata tana da wata cuta. Ƙazwa, kwarkwata, makero da kirci suna sa ƙaiƙayi, susa kuma tana yage fata. Idan ba a yi maganin ƙazwa ba, maruru ba zai daina fitowa ba. Mayukan shafawa na sauya launin fata su ma suna da laifi: da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, ta kasa kare kanta.

4. Ƙarfin jiki ya ragu. Ciwon sukari shi ne na farko da ake nema. Sai tamowa ga yara, ƙarancin jini, cutar sida, ƙiba mai yawa, da daɗewa ana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki, irin waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba.

Mai lafiya ƙalau ma yana iya fama da maruru mai dawowa. Saboda haka ba abin kunya ba ne, kuma ba hujja ba ce ta cewa mutum ƙazami ne.

Abin da jama'a ke faɗa

Wasu na cewa cin mangwaro ne ke kawo maruru, wasu su ce gyaɗa ko ƙwai. Waɗannan abinci ba sa haddasa shi. Abin da ke faruwa shi ne, mangwaro yana nuna a lokacin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. A lokacin ne ake yawan zufa, ƙurajen zufa su fito, ruwan wanka kuma ya yi wuya. Da damina sauro ya yi yawa, susa ta yi yawa. Da hunturu fata ta bushe ta tsage, mutane kuma su rage wanka saboda sanyi. Lokaci ne ya haɗa su, ba abinci ba. Hana yaro ƙwai da gyaɗa da ƴaƴan itace yana rage masa ƙarfin da zai yaƙi cutar ne kawai.

Akwai kuma masu cewa maruru alama ce ta jiki na fitar da datti, don haka a bar shi. Wanda ke dawowa ba na bari ba ne, yana iya zama alamar wata cuta da ba a gano ba.

Yadda ake kula da marurun da ya fito

Rigakafin na gaba yana farawa ne daga yadda aka kula da na yanzu.

- A tsoma tsumma mai tsabta a ruwa mai ɗumi, a matse, a ɗora a kan kumburin na minti 10 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya jurewa. Ɗumin yana rage zogi, yana kuma sa marurun ya nuna da wuri.
- Idan ya fashe da kansa, a wanke wurin da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce.
- A rufe shi da bandeji ko tsumma mai tsabta. A sauya kowace rana, da duk lokacin da ya jiƙe. Rufewa tana hana ƙuda sauka, tana kuma hana mugunya taɓa wasu.
- A ƙone bandejin da aka cire ko a jefa shi a masai. Kada a yar da shi inda yara ke wasa.
- A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ciwon da kuma bayan an taɓa.
- Mai maruru a hannu ya dakata da girki da sayar da abinci har ya warke, domin ƙwayar na iya shiga abinci ta sa amai da zawo.

Abubuwan da za a guje wa

*Matsewa.* Matse maruru yana tura ƙwayoyin cuta cikin nama da jini. Ya fi haɗari idan a fuska yake, tsakanin hanci da leɓen sama, domin jijiyoyin jini na wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

*Tsagawa a gida.* Ƙaya, allurar ɗinki, reza ko askar da aka yi wa wani aiki da ita suna ƙara cuta a kan cuta. Suna iya kawo sida da ciwon hanta.

*Shafa abin da ba shi da tsabta.* Ƙasa, kashin dabbobi, baƙin mai na inji da garin batir ba magani ba ne. Ƙasa da kashin dabbobi suna ɗauke da ƙwayar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki.

*Sayen kafso a kasuwa.* Mutane da yawa sukan sayi kafso biyu ko uku wurin masu talla, su sha, ko su zazzage garin a kan ciwo. Magani ba ya ratsa tarin mugunya sosai, sai an fitar da ita. Shan magani rabi da rabi kuma yana koya wa ƙwayar jure masa. Tun a shekarar 1961 aka ga nau'in da ba ya jin manyan magunguna a Ingila, wanda likitoci ke kira MRSA, ko SARM da Faransanci. Yau ana samun sa a ko'ina cikin duniya, har da ƙasashenmu.

*Allura wurin wanda bai koyi aikin ba.* Allurar da aka yi da kayan da ba su da tsabta tana sa ƙurji mai zurfi a ɗuwawu ko a cinya, wanda sai an tsaga shi a asibiti.

Yaushe za a je asibiti?

A je cibiyar kiwon lafiya mafi kusa, wato CSI, a ranar, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zazzaɓi, rawar sanyi ko kasala mai tsanani;
- maruru a fuska, kusa da ido, a kan ƙashin baya, a tafin hannu ko kusa da dubura;
- kumburi da zafi suna yaɗuwa zuwa gefe, ko kaluluwa ta fito;
- marurun ya kai girman ƙwan kaza, ko yana girma da sauri;
- mai ciwon jariri ne, ko yaro mai tamowa, ko mace mai ciki, ko tsoho;
- mai ciwon yana da ciwon sukari, sida ko amosanin jini;
- yaro ya daina taka ƙafa ko motsa hannu, domin cutar na iya shiga ƙashi.

A je kuma idan an yi mako ɗaya ana gashi bai yi sauƙi ba, ko kuma wannan ne karo na uku a shekara.

A asibiti, babban magani shi ne a tsaga marurun da kayan aiki masu tsabta, a fitar da mugunya, a wanke, a rufe. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ko ana bukatar maganin sha. Idan an ba da shi, a shanye duka ko da ciwon ya warke. Idan abin ya fi ƙarfin CSI, za a tura mutum asibitin gunduma ko babban asibitin jiha. A shekarar 2006 Nijar ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. Iyaye su tambayi ma'aikatan lafiya a kan haka, kada tsoron kuɗi ya sa su ajiye yaro a gida.

Mai maruru mai dawowa ya gaya wa likita gaskiya: sau nawa ya fito, a ina, wa kuma ke da shi a gida, da irin man da yake shafawa da maganin da yake sha. Ya nemi a gwada sukarin jininsa, musamman idan yana yawan jin ƙishirwa, yawan fitsari, ko yana ramewa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa gwajin farko. Likita na iya ba da shawarar gwajin sida da na ƙarancin jini. A manyan asibitoci ana iya ɗibar mugunya a auna, a san maganin da zai kashe ƙwayar.

Rigakafi a gida

Tun da ƙwayar tana yawo tsakanin mutanen gida, dole kowa ya sa hannu a lokaci guda.

*Hannu.* A wanke da sabulu bayan fitowa daga ban-ɗaki, bayan fyace majina, kafin girki da kafin cin abinci. A zuba ruwa da buta, kada kowa ya tsoma hannu a ƙwarya ɗaya. A yanke farce, na yara musamman. A hana su sa yatsa a hanci.

*Wanka.* A yi wanka da sabulu kowace rana. Idan ruwa ya yi ƙaranci, buta ɗaya ta isa a wanke hammata, matsematsi, ƙeya da ƙarƙashin nono. A tsane jiki sosai. Kada a dirje fata da soso mai kaushi har ta ƙuje. Da hunturu a shafa man kaɗanya ko basilin don kada fata ta tsage. Mai maruru ya ɗebi nasa man daban, kada ya riƙa tsoma yatsa a kwalbar kowa.

*Kayan jiki.* Kowa da sosonsa, kowa da tawul ɗinsa. A ɗauraye soso a rataye shi a rana bayan wanka. Kada a yi aron zane, ɗan kamfai, hula ko kallabi.

*Wanki da shimfiɗa.* A wanke tufafi da zanen gadon mai ciwo da ruwan zafi da sabulu. A shanya a kan igiya cikin rana, ba a ƙasa ba. A goge da dutsen guga idan akwai. A fitar da tabarma, katifa da bargo rana aƙalla sau ɗaya a mako.

*Aski.* Sabuwar reza ga kowane mutum. Wanda ke zuwa wurin wanzami ya tafi da rezarsa. Kada a aske wurin da ke da ƙuraje. Idan maruru na yawan fitowa a hammata ko mara, a rage gashin da almakashi maimakon reza.

*Tufafi.* A sa masu yalwa na auduga. Matsattsun kaya na roba suna riƙe zufa, suna goge fata.

*Ƙananan raunuka.* Duk yanka ko ƙujewa, a wanke shi nan take da sabulu, a rufe. A sa takalmi zuwa gona. A kwana cikin gidan sauro: yana kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro, yana kuma rage susa.

*Abinci.* Jiki na bukatar abinci mai gina shi: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, nama, zogale da sauran ganyaye. Mai ciwon sukari ya bi ƙa'idar abinci da magani, ya riƙa duba ƙafafunsa kullum.

Maganin kwana biyar

Idan an bi duk waɗannan matakai amma maruru bai daina ba, likita na iya ba da maganin korar ƙwayar daga maɓoyarta. Ana yin sa ne bayan ciwon ya warke. Yawanci ana shafa wani man magani mai suna mufirosin a cikin ƙofofin hanci safe da yamma, ana kuma wanke jiki da ruwan magani mai suna kulorheksidin sau ɗaya a rana, har kwana biyar. A kiyaye kada ruwan maganin ya shiga ido ko kunne. A cikin kwanakin nan a riƙa sauya tufafi da tawul kullum, a wanke zanen gado.

Maganin ya fi aiki idan duk mutanen gida suka yi tare. Ƙwayar na iya dawowa bayan watanni, saboda haka ba a daina tsabta. Kada a maimaita maganin ba da izinin likita ba. Wasu likitoci sukan ce a ɗiga ruwan jabel kaɗan a ruwan wanka, amma ƙarfin jabel ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, kuma idan ya yi yawa yana ƙona fata. Kada a yi sai ma'aikacin lafiya ya nuna ma'auni.

Cututtukan da ke kama da maruru

Ba kowane kumburi mai dawowa ne maruru ba.

- Tsutsar ƙuda. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashi mai fitsari, ko a tufafi masu danshi da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsar takan shiga fata ta yi kumburi mai ɗan rami a tsakiya, mutum ya riƙa jin motsi. Idan aka toshe ramin da basilin, takan leƙo don neman iska, a cire ta. Guga tana kashe ƙwan.
- Kumburin hammata da matsematsi mai barin tabo. Idan ƙuraje na fitowa a wuri ɗaya shekara da shekaru, suna yoyo, suna barin tabo mai tauri, wata cuta ce daban ta fata. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba rashin tsabta ke kawo ta ba. Shan taba da ƙiba suna tsananta ta. Tana bukatar likitan fata.
- Kumburin wuya marar zafi. Wanda ya daɗe, ya fashe ya ƙi warkewa, yana iya zama tarin fuka da ya kama kaluluwar wuya. Sai an gwada.
- Ƙurjin nono. Mai shayarwa da nononta ya kumbura ya yi zafi ta je asibiti da wuri. Kada ta yaye yaro saboda haka, domin barin nono ya taru yana ƙara ciwon. Idan kuma ƙullutu ne mai tauri marar zafi, a hanzarta a duba shi.
- Ƙurjin rigakafi. Ɗan ƙurjin da ke fitowa a hannun jariri makonni bayan allurar BCG ba ciwo ba ne. Kada a matse, kada a shafa komai. Zai warke ya bar ɗan tabo.

A tuna

1. Ƙwayar cuta ce ke kawo maruru, kuma tana zama a hanci, a hannu da kayan gida.
2. A gasa, a wanke, a rufe. Kada a matse, kada a tsaga a gida.
3. Kowa da sosonsa, tawul ɗinsa da rezarsa.
4. A yi maganin ƙazwa da duk abin da ke sa susa.
5. Maruru sau uku a shekara: a je asibiti, a gwada sukari.
6. Zazzaɓi, maruru a fuska, ko maruru a jikin jariri: a je asibiti a ranar.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa mutanen gidansa da maƙwabtansa, domin maruru mai dawowa ciwon gida ne, kuma gida duka ne ke korar sa.